Ƙaguwa a Kan Wayar Ɗakin Ƙarshe

Ni dai ban taɓa ƙaunar Kasmuri ba, kuma duk mai cewa in sassauta masa don yanzu ya zama abin tausayi, to ya bari sai ya ji abin da idona ya gani. Sunana Warsini. Awara da ayaba nake soyawa a bakin layinmu a Surabaya, can ƙasar Indonesiya, kuma a gidan hayar Alhaji Mudakir na yi aure, na haihu, har na aurar. Ɗakuna ne a jere, gabansu kwata, bayansu layin dogo. Kasmuri ne mai kula da gidan.

Uwarsa, Mbah Ngatemi (Mbah a wurinmu kaka ke nan), da wanki da guga ta raine shi, don ubansa tun yana goye ya bi jirgin ruwa bai sake waiwayowa ba. Da ya tasa sai ta kai shi shagon masu gyaran fanka da injin ruwa, ya koyi naɗin wayar tagulla, kuma an ce hannunsa na da kyau. Rannan ya kama wata waya da maigidansa ya rantse masa an kashe ta. Wuta ta riƙe shi ta jijjiga, ta bar masa yatsu biyu na dama a lanƙwashe, har yau ba sa miƙewa. Tun daga nan bai ƙara yarda da bakin ɗan Adam ba. Ya je kasuwar tsofaffin kaya ya sayo wata na'urar awon wuta, ita ce ta zama abokiyarsa, ita ce ta zama shaidarsa.

Baki gare ta kamar hannun ƙaguwa. Ka danna gefenta bakin ya buɗe, ka zura waya a tsakiya, ka saki ya rufe. Ba a fere waya, ba a yanke ta, bakin ma ba sai ya taɓa ta ba. Ya taɓa yi mini bayani wata rana da yake cikin nishaɗi. Wai a cikin bakin akwai ƙarfe da aka naɗe da siririyar tagulla, irin naɗin da ya koya a shago. Wutar da ke gudu a cikin waya tana tayar da maganaɗisu kewaye da ita, naɗin ya ji, allura ta motsa. Gwargwadon abin da ɗaki ke ja, gwargwadon tashin allura. Na ce masa, "To shehin malami, a ci awara kafin ta huce." Bai yi dariya ba. Yana ta shafa abar da babban yatsa, shafar da ban taɓa ganin ya yi wa wani mai rai ba. Daga nan yara suka laƙaba masa Ƙaguwa, suna ya bi shi.

Mita ɗaya ce a gidan nan gaba ɗaya, kuma ba ta da ƙarfi. In aka ja wuta da yawa sai ta faɗi, kowa ya zauna a zafi. Saboda haka Alhaji Mudakir ya kafa doka: kowane ɗaki ƙwan lantarki ɗaya, fanka ɗaya, tukunyar shinkafa ta lantarki ɗaya. Ba dutsen guga, ba hita. A bakin ƙofar gida akwai wani akwatin kwano a bango, daga ciki wayar kowane ɗaki ta fita, kowace da makunninta. Kullum da safe, da zarar jirgin ƙasa ya wuce ya gama girgiza mana kwanuka, sai Kasmuri ya buɗe akwatin nan ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ƙaguwarsa.

Da awon kawai yake yi ya yi shiru, wallahi da ban ce komai ba, aikinsa ne. Amma mutumin nan karanta mu yake yi, kuma da ƙarfi.

Akwai Dulmanan, mai tuƙa keken ɗaukar fasinja, dattijo mai kunya. Lokacin da ƙafarsa ta kumbura ya kasa fita aiki, sai ga Kasmuri a gaban teburina, mutane cike suna jiran suya, ya ɗaga murya.

"Dulmanan, lafiya kuwa? Tukunyarku ta yi fushi ne? Tun shekaranjiya ban ga ta ja wuta ba. Ko azumin nafila aka sa yara?"

Dattijon nan ya sunkuyar da kai. Na ce, "Kai Ƙaguwa, Allah wadaran halinka! Cikin mutane kake leƙawa yanzu?"

Ya ce, "Ni ban leƙa ɗakin kowa ba, Yaya Warsini. Ban taɓa ƙofar kowa ba. Allura ce ta faɗa."

Maganarsa ke nan kullum: allura ce ta faɗa. Da ita ya kori Murtiyah, yarinya mai jego da ta jona hita don ta tafasa wa jaririnta ruwa yana zawo. Allura ta yi sama, ya tafi da gudu ya dinga dukan ƙofarta kamar zai ɓalle ta, kafin wata ya ƙare ta kwashe kayanta. Duk wanda allurarsa ta tashi, to ya san yanzun nan Kasmuri zai iso ƙofarsa yana kumfar baki. Wannan kowa a gidan ya sani, har kaji.

Waya ɗaya ce ba ya aunawa a wancan lokacin, ta ɗakin ƙarshe, can ƙurya jikin katangar layin dogo, inda uwarsa take. Shi kuwa a ɗakin farko yake, bakin titi. Tsohuwar nan tana da wani dutsen guga na lantarki, nauyinsa kamar turmi, mariƙinsa ya sha ɗauri da tsumma. Da ta ga yaran gida suna tafiya makaranta da riguna a yamutse, sai ta fara kiran iyayensu mata a ɓoye. "Kawo nan, 'yar nan, ai ba a tura yaro gaban malami kamar an tauna shi." Da rana tsaka, in ɗanta ya fita, sai ta jona ta goge. Ba ta karɓar ko sisi. Mu duka mun kai mata.

Asiri ya tonu ranar da Alhaji Mudakir ya zo da baƙi yana nuna musu gida, wuta ta faɗi a gabansu. Alhaji ya kalli Kasmuri ya ce, "Ashe ƙaguwar taka barci take yi." Baƙi suka yi dariya. Kasmuri ya mayar da wuta, ya bi wayoyi, duk allura a kwance, har ya zo kan ta ƙarshe. Yana rufe baki a kanta allura ta yi tsalle.

Ban manta tafiyarsa zuwa ƙuryar nan ba, mu duka muna biye. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, miƙo dutsen nan."

Tsohuwa ta zare shi daga wuta, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta zauna a bakin gadon. "Me za ka yi da shi?"

"Kwata zan jefa shi."

"Kasmuri, dutsen nan ne ya saya maka wando na farko. Shi ya biya mai ɗori da wuta ta cinye maka hannu. Ka fara jefa ni tukuna."

"Kin kunyata ni a gaban mai gida saboda 'ya'yan wasu!"

"Kunya? Ashe kana da ita? Ina ka ajiye ta ranar da ka kori mai jego?"

Wani ya yi ƙaramar dariya a bayanmu, ita ce ta ƙarasa shi. Ya ɗaga hannun nan mai lanƙwasassun yatsu ya ce, "Wallahi tallahi, muddin dutsen nan na cikin ɗakin nan, ƙafata ba za ta ƙara taka shi ba."

Ita kuma ta ce, "To muddin ina numfashi yana ciki."

Taurin kai dai a nono ya sha. Muka ɗauka fushin kwana biyu ne. Ina! Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa, ɗa da uwa suna gida ɗaya ba ya taka ƙofarta. Guga kam ta daina, don kada a kore mu, amma dutse na nan ƙarƙashin gado. A wannan tsakanin tsohuwa ta fara lalacewa. Ƙafafu suka yi nauyi, murya ta shige ciki, in tana magana sai ka kai kunne. Bayi ma da bin bango take zuwa. Ni nake leƙa ta, ni da matar Dulmanan, amma mu masu neman abinci ne, ba kullum muke gida ba. Tsoron da nake ji ɗaya ne, kada ta faɗi ba kowa kusa.

Na same shi na ce, "Kasmuri, ka ji tsoron Allah. Uwarka ce. Ka yi kaffara ka shiga ka gan ta. In wani abu ya same ta fa?"

Ya ce, "Kullum ina duba ta."

"A ina? A mafarki?"

Sai ya ja ni gaban akwatin. Jirgin safe ya wuce ke nan. Ya maƙala ƙaguwa a wayar ƙarshe, allura ta ɗan ɗaga kaɗan. "Fanka ke nan," in ji shi. "Tsaya ki gani." Can sai allura ta kwanta, ta sake tashi, ta kwanta, ta tashi. Ashe tsohuwa ta san lokacin awonsa. Da ta ji jirgi ya wuce sai ta kashe fanka ta kunna, ta kashe ta kunna. Gaisuwarta ke nan ga ɗanta. Soket ɗinta mai baki da yawa a ƙasa yake kusa da tabarma, ba sai ta miƙe ba.

"Kin gani? Lafiyarta ƙalau."

Na ce, "Kai kuma da me kake amsawa?"

Ya cire ƙaguwa ya rufe akwati. Raina ya ɓaci, na koma na ƙona ayaba kasko guda.

Amma na lura da abu ɗaya, kuma zan faɗa don kada a ce na rage masa. In allura ta yi jinkirin kwanciya, ba ya matsawa daga wurin. Yana tsaye, sai ta motsa sannan ya saki numfashi. Yana sonta, wannan ba na musu. Irin son da ba ya tsinana wa kowa komai ne.

Sai azumi ya zo ƙarshe. Kun san yadda garin nan ke zama da ƙaramar sallah, kowa ya ɗaure kaya ya nufi ƙauyensu, layi ya koma kamar an share. Gidanmu kaf aka watse, har Dulmanan da iyalinsa. Ni ma zan tafi garin Nganjuk wurin 'yata. Kafin in fita na kai wa tsohuwa dafaffiyar shinkafa a ganye da miyar kaza da kwakwa, na cika mata buta da ruwan sha. Na tarar ta fito da zanenta mai kyau ta shimfiɗa a kan gado.

Ta ce, "Bana zai zo. Ran sallah ai dole ɗa ya durƙusa gaban uwa ya nemi gafara. Bara ya yi wauta, bana ya girma."

Na ce, "Mbah, ki bar ni in ɗauke dutsen nan in ajiye a ɗakina, kowa ya huta."

Ta harare ni. "Ya shigo ya same shi. In don dutse ya fita zai zo, ai ba wurina ya zo ba."

A bakin ƙofar gida na ce wa Kasmuri, "Ga gida nan daga kai sai ita. Ba kowa. Ka ji ni? Ba kowa."

Ya ce, "A sauka lafiya, Yaya."

Da hutun sallah ya ƙare muka dawo, mota ɗaya da su Dulmanan. Muka tarar da Kasmuri zaune a benci a bakin gida, da sabuwar hula, gefensa gwangwanin biskit ba a buɗe ba, da wani ƙunshi a leda. Fuskarsa ta faɗa, amma yana ganinmu ya gyara zama, irin na wanda ya ƙosa ya samu mai sauraro.

Na ce, "Barka da sallah. Ya Mbah?"

"Tana can tana taurin kanta."

"Ka shiga?"

"In shiga? Ki ji abin da ta yi mini. Na dawo daga idi, na sayi biskit ɗin da take so, ga sabon mayafi, ina cewa ko in je in tsaya daga bakin ƙofa in gaishe ta. Na ce bari in duba tukuna. Ina maƙala ƙaguwa, allura ta buga har ƙarshe! Dutsen guga, da tukunya, da rediyo, da fanka, komai a jone. Ran sallah! Don ta nuna mini ban isa ba."

Dulmanan ya ce, "Sai ka yi yaya?"

"Na san abin da take so. So take in zo da gudu ina ihu, in taka ɗakin, ta ce na karya rantsuwa. Ni za a yi wa wayo? Na kashe makunninta kawai." Ya yi wata 'yar dariya. "In zafi ya ishe ta, ta san hanyar ɗakina. Ita za ta zo."

"Ta zo?"

"Ba ta zo ba tukuna."

Jakata ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Kasmuri, guga take yi wa wa?"

Ya kalle ni.

"Na ce guga take yi wa wa? Duk yaran gida suna ƙauye! Matar da ba ta iya ɗaga buta, ita ce za ta ɗaga wannan dutsen ta yi guga? Tun yaushe rabon da ta jona shi?"

"Allura ce ta..."

"Allurar uwaka! Bayan ka kashe, ka sake dubawa?"

"Me zan duba? Ba wuta a wayar."

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Ƙofar a sakace ta ciki. Na buga, na kira, shiru, sai wani wari da ya bugi hancina. Dulmanan ya sa kafaɗa, da ciwon ƙafarsa da komai, sakata ta ɓalle. Ɗakin ba taga, duhu ne ko da rana. Dulmanan ya yi wa matarsa ihu ta je ta kunna makunnin.

Wuta na dawowa komai ya tashi lokaci ɗaya. Ƙwai ya haska, rediyo ya fashe da waƙar sallah, tukunya ta kunna jar fitilarta, fanka ta fara juyawa tana kaɗa gashin tsohuwa.

Tana kwance a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa, sanye da zanen nan mai kyau. Masu wanka daga baya suka ce ƙashin ƙugunta ne ya karye. Da alama shiri take yi da safen sallah santsi ya kwashe ta. Ta kasa kai wa sakata. Murya kuwa dama babu, ga lasifikar masallatai, ga ɗanta can bakin titi. Sai ta ja jiki zuwa soket. Ta jawo dutsen daga ƙarƙashin gado da igiyarsa, ta jona. Ta jona tukunya ba komai a ciki. Ta jona duk abin da hannunta ya kai. Ta san ɗanta sarai: kowa allurarsa ta tashi, yanzun nan zai iso ƙofarsa. Kiran da ta san yana ji ke nan, shi ta yi masa.

Kuma ba nan take ta cika ba, kada wani ya yi wa kansa wannan ta'aziyyar. Shinkafar da na bar mata an ci rabi. Butar ruwa a kife, ba ko ɗigo. Hannunta na kan makunnin fanka, wanda take kashewa ta kunna in jirgi ya wuce. Allah kaɗai ya san safiya nawa ta ji jirgin nan ya wuce ta danna shi, ba wuta.

Matar Dulmanan ta fashe da kuka, shi kuma yana ta salati. Na juya. Kasmuri na tsaye a bakin ƙofa, ƙaguwa a hannu, yatsun ƙafarsa daidai kan dokin ƙofa, bai tsallako ba. Ko a lokacin, ko a lokacin fa, bai shigo ba.

Na kashe rediyo. Na zare igiyar dutsen, ya riga ya fara zafi. Na kama mariƙin nan mai tsumma da hannu biyu, na ɗauko shi, na bi ta gefensa na fita, na dire shi a ƙasa a waje, kusa da ƙafarsa.

Na ce, "Ga shi, ya fita. Rantsuwarka ba ta karye ba. Shiga."

Ya saki ƙaguwar ta faɗi a siminti. Ya durƙusa, ya shiga da rarrafe a kan gwiwoyinsa, yadda 'ya'ya ke zuwa gaban iyayensu ran sallah. Na ji ya ce, "Inna, na zo." Ban tsaya jin sauran ba, na tafi kiran liman.